Bayani Kan Horon Sanin Makamar Aiki a Ƙungiyoyin Agaji na Ƙasa da Ƙasa

A 'yan shekarun nan, da wuya a sami sakatariyar ƙaramar hukuma a arewacin ƙasar nan da ba a taɓa ganin fararen motocin nan masu tambari a jikin ƙofa sun tsaya a harabarta ba. Motoci ne na ƙungiyoyin agaji da raya ƙasa na ƙasa da ƙasa, waɗanda jama'a suka fi sani da sunan NGO. Wasunsu suna aikin lafiya, wasu ruwan sha da tsafta, wasu ilimi, wasu kuma noma da tallafin kuɗi. Daga cikin mutanen da ke saukowa daga waɗannan motoci akwai samari da 'yan mata waɗanda ba cikakkun ma'aikata ba ne. Masu koyo ne da ƙungiya ta ɗauka na 'yan watanni domin su san makamar aiki. Tambayoyin da iyaye da masu unguwanni da ma'aikatan ƙananan hukumomi suke yawan yi a kansu ba su wuce uku ba: yaya ake shiga, nawa ake biya, kuma wa ake gani? An shirya wannan bayani ne domin amsa su, tare da jan hankalin jama'a kan wuraren da ake cutar su da sunan wannan horo.

Abu na farko da ya kamata kowa ya riƙe shi ne, horo ne ake bayarwa, ba ɗaukar aiki ake yi ba. Yana da ranar farawa da ranar ƙarewa, galibi wata uku zuwa shida, wani lokaci har shekara guda. Ba a sayensa da kuɗi, kuma babu wani kansila ko hakimi ko darakta da aka ba gurbi ya raba. Mafi yawan ɓacin ran da ake samu tsakanin iyalai da ƙungiyoyi, daga rashin fahimtar wannan yake tasowa.

Su wane ne waɗannan ƙungiyoyi

Ba hukumomin gwamnati ba ne, ba kuma rassan Majalisar Ɗinkin Duniya ba ne, kodayake jama'a sukan haɗa su duka a kwando ɗaya. UNICEF da Hukumar Lafiya ta Duniya na Majalisar Ɗinkin Duniya ne, ƙasashe ne suka kafa su. Amma irin su Save the Children da Oxfam da ActionAid ƙungiyoyi ne masu zaman kansu da wasu mutane suka kafa domin taimako. Wata mata mai suna Eglantyne Jebb da ƙanwarta Dorothy Buxton ne suka kafa Save the Children a Landan a shekarar 1919, domin ciyar da yaran Turai da yunwa ta addaba bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma ƙungiyar ta fara aiki a Nijeriya a 2001. An kafa Oxfam a Ingila a 1942. Ita kuwa Ƙungiyar Likitoci Na Gari Na Kowa, wato MSF, an kafa ta a Faransa a 1971, kuma wasu daga cikin likitocin da suka kafa ta sun yi aikin agaji a lokacin yaƙin basasar Nijeriya. Ita ce ta fara gano gubar dalmar da ta hallaka ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010.

Kowace ƙungiya ta waje tana yin rajista da ma'aikatar tarayya mai kula da kasafi da tsare-tsare kafin ta fara aiki, sannan ta gabatar da kanta ga gwamnatin jihar da za ta zauna. Saboda haka ƙungiya ta gaskiya tana da ofis da ake iya zuwa, da takardun da ake iya gani, da jami'an gwamnati da suka san da zamanta.

Bambancin mai koyo da sauran waɗanda ake gani tare da ƙungiya

Mutane iri huɗu ne jama'a ke gani sanye da rigar ƙungiya, kuma matsayinsu ba ɗaya ba ne. Akwai cikakken ma'aikaci mai takardar ɗauka da albashi. Akwai ɗan sa kai na gari, wanda al'umma ke zaɓa daga cikinta domin wayar da kai ko bibiyar yara, ana ba shi ɗan abin sufuri. Akwai mai tattara bayanai da ake ɗauka na kwana goma ko ashirin idan za a yi bincike, a biya shi kuɗin kwanakinsa a sallame shi. Sai kuma mai koyon aiki, wanda shi ne batunmu. Shi wannan yawanci ya gama digiri ko babbar difloma bai daɗe ba, ana ajiye shi a wani sashe ƙarƙashin ma'aikaci guda da zai riƙa nuna masa aiki yana duba abin da ya yi.

Kada kuma a haɗa shi da ɗalibin da makaranta ta tura koyon aiki a ƙarƙashin shirin SIWES, wanda hukumar ITF ta ɓullo da shi a 1973, ko da mai yi wa ƙasa hidima, wanda gwamnatin tarayya ke biyan alawus ɗinsa, ta kuma fara biyan naira 77,000 a wata a 2025. Ƙungiyoyi sukan karɓi waɗannan ma jefi-jefi, amma ta hannun makaranta ko hukumar NYSC.

Dangane da kuɗi, abin da ake ba mai koyo alawus ne na mota da abinci, ba albashi ba, kuma adadinsa ya bambanta daga ƙungiya zuwa ƙungiya. Babu fansho a ciki, babu garatuti. An daɗe ana muhawara a duniya kan wannan batu, domin a da ofisoshi da dama ba sa biyan masu koyo ko sisi. A 2015 labarin wani saurayi ɗan ƙasar Niyu Zilan ya bazu, bayan da aka gan shi yana kwana a tanti a birnin Jeneba alhali yana koyon aiki a ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya ba tare da biya ba. Illar horon da ba biya a bayyane take: ɗan mai hali ne kaɗai zai iya zama a birni wata shida yana ci daga aljihun mahaifinsa, ɗan manomi kuwa sai ya haƙura. Don haka duk wanda aka ba gurbi ya tabbata an rubuta a takardar yarjejeniya nawa za a ba shi, yaushe, wa zai biya kuɗin masauki idan an fita aiki ƙauye, da kuma wa zai ɗauki nauyin magani idan hatsari ya auku a hanya. Tambayar waɗannan abubuwa ba rashin kunya ba ne, kuma ƙungiya ta ƙwarai ba ta jin haushinta.

Abin da ake koya

Hanya mafi sauƙi ta gane irin aikin ita ce a dubi wani shiri da aka riga aka yi a yankinmu. Daga 2013 zuwa 2019, Save the Children da Action Against Hunger sun gudanar da shirin tallafin raya yara a ƙananan hukumomi biyar: Anka da Tsafe a Jihar Zamfara, da Buji da Gagarawa da Kirikasamma a Jihar Jigawa, da kuɗin gwamnatin Birtaniya. An riƙa ba mace mai juna biyu naira 3,500 kowane wata, daga baya aka mayar da shi 4,000 a 2017, tun daga goyon ciki har yaro ya cika shekara biyu, tare da koyar da iyaye mata da maza yadda ake shayarwa da ciyar da yara. Binciken da aka yi bayan shirin ya nuna an sami raguwar tsumburewar yara a garuruwan da suka amfana.

Wanda ke kallo daga waje zai ɗauka rabon kuɗi ne kawai. Amma kafin naira ɗaya ta shiga hannun mace ɗaya, sai an zauna da hakimi da dagatai an yi musu bayani, sai an yi rajistar mata an tabbatar da cikin, sai an tabbatar cewa mazauniyar garin ce ba wadda aka kawo daga maƙwabta ba, sai an shirya ranar biya da wanda zai kai kuɗin da yadda za a gane mai karɓa, sai an buɗe hanyar karɓar ƙorafi ga wadda aka tsallake, sannan a ƙarshen wata a haɗa lissafi a aika wa waɗanda suka bayar da kuɗin. Kowane ɗaya daga waɗannan matakai sashe ne mai zaman kansa a ofis, kuma a irin waɗannan sassa ake ajiye masu koyo.

Wanda aka kai sashen bibiya da tantance aiki zai koyi tsara tambayoyi a cikin waya da manhajoji irin su KoboToolbox da ODK, da fita ƙauye tattara amsoshi, da tace su a Excel, da gano inda aka rubuta suna ɗaya sau biyu ko aka ba jaririn wata uku nauyin ɗan shekara biyar. Wanda aka kai sashen kuɗi zai koyi cewa babu kobon da ke fita sai da takarda, kuma rasit ɗin man mota da aka rasa yana iya hana rufe lissafin wata guda. Sashen sayayya da sufuri yana koyar da neman farashi daga 'yan kasuwa da dama kafin a sayi kaya, da riƙe littafin sito, da lissafin tafiyar mota. Waɗannan ayyuka ba su da armashi a ido, kuma matasa da yawa sukan ji kunyar gaya wa abokai cewa sun yini suna jera takardu a fayil. Sai dai su ne ake nema a ko'ina, a banki da asibiti da baitulmalin ƙaramar hukuma, ko da ƙungiyar ta tattara ta tafi.

A ɓangaren abinci mai gina jiki kuwa, mai koyo zai riƙe wani ɗan siririn tef mai launi uku da ake awon damtsen yaro ɗan wata 6 zuwa wata 59. Idan awon ya gaza santimita 11.5, ya faɗa ja, yaron yana da tamowa mai tsanani. Daga 11.5 zuwa 12.5 rawaya ne, sama da haka kore. Zai koyi danna bayan ƙafar yaro da yatsa domin ganin ko kumburi zai bar rami. Zai kuma san haɗin nan na gyaɗa da madara da suga da mai wanda jama'a ke kira abincin tamowa, wanda aka ƙirƙiro a Faransa a 1996, aka kuma yi amfani da shi sosai a yankin Maraɗi lokacin ƙarancin abinci na 2005. Kowace leda giram 92 ce, kuma magani ce ga yaron da aka rubuta wa, ba abin lasa ba ne ga yayyensa, balle a kai ta kasuwa. Amma a lura, mai koyo ba ya rubuta magani, ba ya yanke hukuncin wa za a kwantar. Wannan aikin ma'aikacin lafiya ne.

A nan ne ɗan karkara yake da abin da ɗan birni ba shi da shi. Ya san ba a kiran taron mata ranar kasuwa, ya san ba a samun magidanci a gida da hantsi a lokacin noman farko, ya san yadda ake gaida dagaci da inda ake cire takalmi. Idan yana jin Fulatanci ko Barbarci bayan Hausa, ya ƙara daraja. Mata kuwa buƙatarsu ta fi yawa, domin a gidajen da ba shiga, namiji iyakarsa zaure, alhali amsoshin da ake nema kan ciki da shayarwa da abincin yara suna cikin gida. Iyayen da ke ɗari-ɗarin barin 'ya'yansu mata suna da haƙƙin su san inda za a je, da wa za a tafi, da inda za a kwana, kuma zuwa ofis a tambaya ya fi hana yarinya bisa jita-jita.

Dalilin da ya sa aikin ba ya ɗorewa

Ƙungiyoyin nan ba su da rijiyar kuɗi. Suna rubuta takardar neman tallafi ne ga gwamnatocin ƙasashe masu arziki da gidauniyoyi da ɗaiɗaikun masu bayar da sadaka, a ba su kuɗin wani shiri na shekara biyu ko uku ko biyar. Ranar da shirin ya ƙare, kujerun da ke cikinsa sun ƙare, har da na manyan ma'aikata. Kuma tallafin ya ja baya ƙwarai. Birtaniya ta rage abin da take warewa daga kashi 0.7 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasarta zuwa 0.5 a 2021, sannan a watan Fabrairun 2025 ta bayyana cewa za ta mayar da shi 0.3 nan da 2027. A watan Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da mafi yawan tallafinta na ƙasashen waje, kuma a watan Yulin shekarar aka rufe hukumar USAID, aka mayar da ragowar ayyukanta ƙarƙashin ma'aikatar harkokin waje. Ƙungiyoyi da dama sun rage ma'aikata a sakamakon haka.

Ma'anar wannan ga mai nema ita ce, gurabe sun yi kaɗan, masu nema sun yi yawa, kuma cikinsu har da waɗanda suka yi shekaru suna aikin. Kada uba ya sayar da gona ko sa domin kama wa ɗansa ɗaki a birni bisa tsammanin cewa horo zai rikiɗe ya zama aiki. Yakan zama, amma ba alkawari ba ne. Idan gurbin aiki ya fito, sai an tallata shi, mai koyo ya nema kamar kowa.

Akwai kuma wata ƙofa da ake rainawa. A taron agaji na duniya da aka yi a Santambul a 2016, manyan masu bayar da tallafi sun yi alkawarin miƙa kashi 25 cikin ɗari na kuɗin agaji ga ƙungiyoyin cikin gida. Ba a cika alkawarin yadda aka so ba, amma manyan ƙungiyoyi suna gudanar da ayyuka da yawa ta hannun ƙananan ƙungiyoyin jiha. Shiga waɗannan ya fi sauƙi, kuma saboda ƙarancin ma'aikatansu, mai koyo yakan taɓa aiki iri-iri cikin wata uku fiye da yadda zai taɓa a babban ofis.

Yadda ake nema

Ana tallata gurabe a shafin intanet na ƙungiyar kanta, da shafuka irin su ReliefWeb, wanda ofishin daidaita ayyukan agaji na Majalisar Ɗinkin Duniya ke gudanarwa tun 1996, wani lokaci kuma a allon sanarwa na ofishin jiha. Akan nemi takardar tarihin karatu da ayyuka, da wasiƙar neman gurbi, da takardun makaranta, kuma sau da yawa da shaidar kammala yi wa ƙasa hidima ko ta yafewa. Wanda aka zaɓa za a kira shi jarrabawa a kwamfuta, sannan ganawa da mutum biyu ko uku. Turancin rubuta rahoto da iya aiki da kwamfuta su ne suka fi kayar da 'ya'yanmu, ba rashin basira ba. Wata biyu a shagon koyon kwamfuta na garinku kafin a nema ba asara ba ce. Kada kuma a raina aikin da aka taɓa yi: rigakafin shan inna gida-gida, koyarwa a makarantar Islamiyya, riƙe littafin ƙungiyar manoma, duk a rubuta su da shekarunsu da sunan wanda zai tsaya shaida.

'Yan damfara

Babu ƙungiyar gaskiya da ke sayar da fom, ko karɓar kuɗin ganawa, ko na riga da katin shaida, ko na gwajin lafiya da za a tura a asusun wani mutum. Duk saƙon WhatsApp ko Facebook da ya ce a turo kuɗi domin a ajiye gurbi, damfara ce, ko da tambarin ƙungiyar yana kai, domin kwafar tambari ba ta ɗaukar minti guda. A dubi adireshin imel: na ƙungiya yana ƙarewa da sunanta, ba da Gmail ko Yahoo ba. Kada a ba kowa lambar sirri ta katin banki ko lambar da banki ya turo a waya. Wani lokaci mai damfarar ba baƙo ba ne, ɗan gari ne mai cewa yana da hanya a ofis. Dokar yaƙi da damfara ta 2006 ta tanadi ɗaurin da bai gaza shekara 7 ba, har zuwa shekara 20, ga wanda ya karɓi dukiyar wani ta hanyar yaudara, kuma ana iya kai ƙara ga 'yan sanda ko hukumar EFCC.

Wadda ta fi haɗari ita ce ta alkawarin kai yaro ƙasar waje. Ofisoshin ƙungiyoyi da ke Landan ko Jeneba ko Washintan suna ɗaukar masu koyo, amma galibi daga waɗanda suka riga suka sami izinin zama da aiki a can. Birtaniya tana da biza ta aikin sa kai a ƙungiyar agaji, amma iyakarta wata 12, ba a biyan albashi a kanta, kuma sai ƙungiyar da ke can ta bayar da takardar ɗaukar nauyi. Duk dillalin da ya nemi a ba shi fasfo da kuɗi domin ya kai yarinya aikin agaji a waje, a sanar da hukumar NAPTIP, wadda aka kafa a 2003 domin yaƙi da fataucin mutane.

Ƙa'idojin da ake sa hannu a kansu

Kafin mai koyo ya fara aiki, sai ya sa hannu a takardar ladabtarwa, kuma tana hawa kansa daidai da yadda take hawa kan shugaban ofis. Asalin tsananta wannan takarda wani rahoto ne na 2002 da hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya da Save the Children suka fitar, wanda ya nuna yadda wasu ma'aikatan agaji suke lalata da 'yan mata a sansanonin Gini da Laberiya da Saliyo a madadin abinci da kayan tallafi. A 2003 Kofi Annan, Babban Sakataren Majalisar na lokacin, ya fitar da umarnin da ya haramta wa ma'aikata duk wata alaƙa irin wannan da wanda bai kai shekara 18 ba, ya kuma haramta musayar kuɗi ko aiki ko kayan agaji da ita. Ƙungiyoyi sun ɗauki wannan ƙa'ida, kuma kariyarta ta shafi mai koyo shi kansa: idan wani babba ya nemi mai koyo da lalata domin ya sabunta mata horo, akwai hanyar kai ƙara a asirce wadda ba ta bi ta teburinsa.

Haka kuma sunaye da hotuna da lambobin waya na masu amfana amana ne. Ba a ɗaukar hoton yaro mai tamowa a sa a Facebook, kuma tun 2023 ƙasar nan tana da dokar kare bayanan jama'a. Ba a sa rigar ƙungiya a je taron jam'iyya, ba a kuma tambayar addini ko ƙabila kafin a ba da taimako. Wannan rashin ɗaukar ɓangare shi ne garkuwar ma'aikacin agaji, kodayake ba kullum take tsare shi ba. A harin da aka kai garin Rann na Jihar Borno a watan Maris na 2018 an kashe ma'aikatan agaji uku, aka sace mata uku ma'aikatan lafiya, kuma biyu daga cikinsu, ungozomomi masu aiki da Red Cross, an kashe su kafin ƙarshen shekarar. Saboda haka idan jami'in tsaro na ofis ya ce ba a bin wata hanya, ko ba a tafiya bayan la'asar, mai koyo ba shi da hurumin cewa ai garinsu ne ya san hanya.

Jarrabawar da ta fi wuya ba a ofis take ba, a gida take. Da zarar an ga yaro da rigar ƙungiya, baffa zai zo da sunan matarsa, gwaggo za ta aiko da na jikarta, maƙwabci zai tuna masa cewa shi ya yi masa huɗuba. Gaskiyar magana ita ce mai koyo ba shi da ikon ƙara suna ko ɗaya. Sharuɗɗan shiga a rubuce suke, kwamitin gari ne ke tantancewa, wasu ma'aikata dabam kuma su dawo su bi gida-gida su duba. Idan aka gano ya cusa ɗan'uwa, za a kore shi ba tare da takardar shaida ba, labarin kuma ya riga shi zuwa sauran ƙungiyoyi, domin suna tambayar juna kafin su ɗauki mutum. Wani lokaci ma akan dakatar da rabon garin gaba ɗaya har a gama bincike, marayu da zawarawan da suka cancanta su zauna jira. Dangin da ke matsa wa yaro lamba su sani cewa abin da suke nema bai kai abin da za su jawo masa ba. Abin da ƙa'ida ta ce shi ne, idan an tura shi garin da yake da dangi, ya faɗa tun farko a rubuce, a ba wani aikin rajistar unguwarsu.

Ga shugabannin ƙananan hukumomi da iyayen ƙasa

Ana roƙon jami'ai da su guji miƙa wa ƙungiya jerin sunaye a matsayin sharaɗin barinta ta yi aiki. Ma'aikacin da ya karɓi irin wannan jeri yana iya rasa aikinsa, kuma ƙaramar hukumar da aka santa da haka, akan yi shiru a kai shiri na gaba wani wuri. Akwai abin da ya fi wannan amfani kuma halal ne: a nemi ƙungiya ta aiko da sanarwar gurabe a rubuce, a manna ta a allon sakatariya da fadar hakimi, a faɗe ta a masallatai da majami'u, a kuma buƙaci a sa jin harshen yankin cikin sharuɗɗa, wanda hakan kaɗai zai ba 'ya'yan yankin fifiko ba tare da an roƙi kowa ba. A sauƙaƙa bayar da takardar shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma ga masu nema. Idan baƙi suka zo gari da tambarin da ba a sani ba suna rubuta sunaye, mai unguwa ya tambayi takardar gabatarwa, ya tuntuɓi sashen ci gaban al'umma ko na lafiya a matakin farko kafin a tara musu jama'a.

Shi kuma mai koyo, a makonsa na ƙarshe ya miƙa katin shaida da waya da duk kayan ofis a rubuce, ya karɓi takardar shaida mai tambari da sa hannu wadda ta faɗi ranar farawa da ta gamawa da ainihin ayyukan da ya yi, ba wai kawai cewa ya zauna a ofis ba. Ya nemi izinin wanda ya kula da shi ya sa sunansa a matsayin mai tsaya masa shaida, ya karɓi lambarsa ta kansa, domin ta ofis tana iya mutuwa tare da shirin. Ana kuma ba sassan ci gaban al'umma shawarar su buɗe rajistar 'ya'yan yankin da suka kammala irin wannan horo, da sashen da kowa ya zauna da lambar wayarsa, ta yadda idan rigakafi ya zo, ko ƙidayar waɗanda ambaliya ta shafa, ko rabon taki, za a san waɗanda za a kira.